Tambayoyinku: Ta Mayar Mini Da Kuɗina, Amma Ta Hana Ni Sakat

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi leshi na naira dubu 45 wajen wata mai sayar da kaya a Instagram. Abin da ya iso ba shi na gani a hoto ba, sai na mayar mata. Muka yi ta ja-in-ja har yayana ya sa baki, ta dawo da dubu 40, ta ce biyar ɗin kuɗin mota ne. Tun daga ranar take kirana da lambobi daban-daban, tana turo saƙon murya na zagi, ta ɗora hotona a sitatus ta rubuta "ɓarauniya", kuma ta ce ta san gidanmu. Don baƙin ciki na yi mata bulok na goge hirar. Yaya zan yi? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ki haƙuri, amma sai na yi miki faɗa, domin ke ce kika yi wa matar nan aikin da ko lauyanta ba zai iya yi mata ba. Mutum ya turo miki barazana da muryarsa, daga lambarsa, da rana da lokaci a jiki, ke kuma ki sa yatsa ki share? Wayoyinku cike suke da bidiyon bikin da aka yi shekara uku da suka wuce, ba ku goge ba, sai hujja ce ke cika muku waya. Gobe idan kika tsaya gaban ɗan sanda ya ce "Hajiya, ina saƙon?" me za ki nuna masa? Rantsuwa?

Ko da yake ba a rasa komai ba. Duba ranar da WhatsApp ya yi miki ajiya ta ƙarshe a Google Drive. In kafin ki goge ne, cire manhajar ki sake saukarwa, ki amince ya dawo da ajiyar. Yau za ki yi, domin sabuwar ajiya tana hawa kan tsohuwa ne, kuma yawanci da ƙarfe 2 na dare yake yi, kina barci. In ta wuce, to ki tattara abin da ya rage: jerin kiran da ke wayarki, hirar da yayanki ya yi da ita, da risit ɗin tiransifa biyun, wanda kika tura da wanda ta mayar. Risit ɗin nan ya fi komai daraja, don yana ɗauke da sunan mai akawun na gaskiya, ba sunan ado na shafin kasuwa ba.

Sannan ki cire bulok ɗin. E, kin ji daidai. Ki rubuta mata saƙo guda ɗaya, gajere, babu zagi babu habaici: cinikinmu ya ƙare, kada ki sake kirana ko ɗora hotona. Daga nan ki kashe ƙarar hirar, ki jefa ta Archive, ki kama bakinki. Bar ta ta yi ta zuba. Duk saƙon da ya shigo ki ɗauki sikirinshot nan take, saboda tana da kusan kwana biyu ta goge shi daga ɓangaren kowa, sitatus kuma awa 24 yake yi ya ɓace. Abin da mutane ke mantawa: lambar ta fito a hoton. In kin ajiye ta da sunan "Maman Leshi", sikirinshot ɗinki Maman Leshi zai nuna, kuma babu kotun da ta san wannan baiwar Allah. Fara ɗaukar hoton sitatus ɗinta, don in kin cire ta daga lambobinki ba za ki ƙara ganinsa ba, sannan ki goge sunan, lambar ta fito tsirararta. Ki kuma yi Export chat, wato fitar da kwafin hirar, tare da saƙonnin murya, ki tura wa kanki ta imel.

Sai kin gama wannan za ki danna Report. Saƙonni biyar na ƙarshe ne kawai ke zuwa wa WhatsApp, don haka ki danna a daidai lokacin da zagin ke ƙasa, ba bayan ta turo gaisuwar Juma'a ba. Shafinta na Instagram ma ki kai ƙararsa.

Na san hannunki na ƙaiƙayi ki rama, ƙila ma ƙawaye sun ce a ba su lambarta su yi mata rubdugu. Kada ki yarda. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya haramta tura wa mutum saƙon barazanar cutarwa, kuma bai ware mai saye daga mai sayarwa ba. Saƙon murya ɗaya kika yi cikin fushi, an mayar da maganar faɗan mata biyu, a ce ku je ku sasanta.

Maganar ta san gidanku kuwa ba ta wasa ba ce. Faɗa wa manyan gida yau, ki ɗauki yayanki ku je ofishin 'yan sanda mafi kusa da takardun a buge. Rundunar tana kuma da cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta ƙasa a Abuja. Sauya layi da take yi bai ɓoye ta ba, tunda tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. Dubu biyar ɗin ki kuwa, hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tana karɓar koke ta shafinta, in kina da juriyar bin sawu.

Hotonki kuma daga ina ta samo? Daga fuskar WhatsApp ɗinki, wadda kika bari a buɗe ga duk mai lambarki. Gyara wannan a Privacy. Na sha faɗa a wannan fili: layin kasuwa daban, layin dangi daban, kuma a tasha ake karɓar kaya ko a shagon wani sananne a bakin titi. Ba a yi wa baƙo kwatancen ƙofar gida har da launin get saboda yadi biyar na leshi.

Tambaya: Malam, wani da na sayi waya a hannunsa ya yarda zai mayar mini da kuɗi, amma ya ce in karanto masa lambobin da banki zai turo mini. Daga wani ɗalibi a Gusau.

Amsa: Lambar akawun kaɗai ake buƙata a turo maka kuɗi. Waɗancan lambobin na fitar da kuɗi ne. Ka karanta masa, ka ga yadda sauran kuɗin makarantar zai bi na wayar.

Tambaya: Na yi wa mai kaya bulok, sai ya koma yana jefa ni guruf-guruf da wata lambar, ana zagina a ciki. Daga Jos.

Amsa: Shiga Settings na WhatsApp, ka bi Privacy, Groups, ka zaɓi My contacts, don waɗanda ka ajiye lambarsu kaɗai su iya sa ka a guruf. A can kuma akwai Silence unknown callers a ƙarƙashin Calls, kunna shi. Kafin ka fita daga guruf ɗin, karanta amsar 'yar'uwarmu ta Zariya.

Tambaya: Akwai manhajar da zan sa lambar mai damfarar da ke kirana ta nuna mini inda yake zaune? Daga Katsina.

Amsa: Babu. Waɗanda ke tallar haka a Play Store talla za su cika maka waya da ita, wasu kuma su kwashe lambobinka. Kamfanin layi ne ke da wannan bayanin, kuma hukuma yake ba wa. In ma ta nuna maka, kai da wa za ku je?