Amsa: ɗaurin auren Yahudawa a ƙaramin ɗakin ibada

Ɗan'uwa, ka ce abokin aikinka a Amurka ya roƙe ka ka jagoranci ɗaurin aurensa a ƙaramin ɗakin ibada, amaryar Bayahudiya ce, kana tambayar ta ina za ka fara.

Fara da ranar. Ba a ɗaura aurensu a Asabaci, daga faɗuwar rana ta Juma'a har duhun daren Asabar. Sannan ka zauna da iyayen amarya, domin masu riƙo da al'ada sosai limaminsu kaɗai za su yarda ya ɗaura, kuma in ɗakin ibadar na Kirista ne, gicciye a bango zai dame su.

Rumfa mai sanduna huɗu da ake ɗaura auren a ƙarƙashinta, huppa, ita ce zuciyar bikin: alamar gidan da za su kafa, a buɗe ta kowane gefe. In wuri ya yi ƙunci, 'yan'uwa huɗu su riƙe sandunan da hannu. Wallahi ya fi taɓa zuciya. Kafin a shiga, shaidu biyu za su sa hannu a ketuba, takardar haƙƙoƙin mata a kan miji. Zobe na zinariya ne zalla, babu dutse, ango zai sa wa amarya a yatsan manuni na dama. Addu'o'in albarka bakwai da ake yi wa ango da amarya kuwa, ka bar wanda ya iya Ibrananci ya karanta.

A ƙarshe ango zai taka kofin gilashi, tunawa da rushe Haikalin Ƙudus, babban wurin ibadarsu, a shekara ta 70 Miladiyya. Ka naɗe kofin da ƙyalle mai kauri saboda ɓaraguzai. Yana fashewa za ka ji "mazal tob!", wato barka.

Kar ka manta da izinin hukuma, kowace jiha da dokarta.