Tsohuwar MGB mai tsatsa a dokin ƙofa: a saya ko a bari?

Wani Alhaji mai sayar da motoci a Kaduna ya aiko mini da tambaya a kan wata mota ƙirar MGB ta 1970, irin mai rufin tamfol da ake naɗewa, wadda ta shekara da shekaru a ajiye ƙarƙashin bishiya a wani gida. Ya ce injin yana tashi, magada sun sa mata kuɗi kaɗan, amma tsatsa ta ci ƙasan ƙofofi da wurin ajiye ƙafa, kuma fanel bita ya ce masa zai liƙe wuraren da ƙarfe, ya shafe da fila, a fesa fenti cikin mako biyu. Yana son ya san ko akwai riba.

Alhaji, kada ka biya ko sisi sai ka san halin da dokin ƙofar motar nan yake ciki, domin a nan ribarka ko asararka take. MGB, wadda aka ƙera a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980, ba ta da shasi daban da aka ɗora bodi a kansa. Bodin ne kansa yake ɗauke da nauyin komai. Mota mai rufin ƙarfe tana samun ƙarfi daga rufinta, amma wannan da ba ta da shi, abin da ya riƙe gabanta da bayanta shi ne dogayen akwatunan ƙarfe biyu da ke ƙarƙashin ƙofofi, wato dokin ƙofa, tare da ƙasan motar. Kowane akwati kuwa ba falle ɗaya ba ne: akwai na waje da ido yake gani, akwai wani a tsaye a ciki, akwai na ƙasa da ya haɗa su da daɓen motar, kuma bakunansa biyu sun shige ƙarƙashin fiffiken gaba da na baya. Tsatsa daga ciki take farawa, musamman idan tamfol ya yage, ruwan damina ya riƙa kwanciya ƙarƙashin kafet. Duk lokacin da ka ga fenti ya yi bororo a waje, to fallen ciki ya daɗe da ruɓewa.

Ka je da maganaɗisu da sukundireba da jak. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, fila ce aka cusa a da. Ka ɗaga kafet ka danna sukundireba a kusurwar da daɓe ya haɗu da dokin ƙofa. Idan ta nutse, ko ƙarfen ya riƙa zubowa kamar ɓawon gyaɗa, ka sami amsa. Sannan ka duba tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi, ka ɗaga motar da jak, ka sake dubawa. Idan tazarar ta canza, ko ƙofar ta ƙi rufuwa, ƙashin bayan motar ya riga ya karye, kuma aikin da ke gabanka na watanni ne.

Shawarar fanel bita ba ta karɓu ba. Liƙa ƙarfe a kan ruɓaɓɓen ƙarfe ba ya mayar wa mota ƙarfinta, kuma wanda ya saya zai hau titi da iyalinsa a cikin abin da zai iya lanƙwashewa idan aka yi karo. Rufe wannan aibi da fenti algus ne, kuma mai sayen irin wannan mota yawanci ya san inda zai duba. Aikin gaskiya shi ne a fara walda sandunan ƙarfe a gicciye a bakin ƙofofi domin kada bodin ya motsa, a yanke gefe ɗaya a gama shi kafin a taɓa ɗayan, ana gwada ƙofa a kowane mataki. Waldar gas da aka saba da ita a garejinmu tana da zafin da ke murɗe ƙarfe marar kauri, don haka ka nemi mai injin waldar lantarki da ake kira MIG wanda ya taɓa yin irin wannan aiki, ka ga aikinsa da idonka.

Kayan gyara ba za su gagara ba. Kamfanin British Motor Heritage yana buga fallayen MGB da ainihin injinan da aka yi na asali da su, kuma tun 1988 yake ƙera sabon bodi sukutum. Sai dai da fam za ka biya, ka ƙara kuɗin jirgi da kuɗin fito, kuma canji na iya tashi tsakanin ranar da ka yi lissafi da ranar da ka yi oda.

Abin da ya fi damuna shi ne kasuwar. An ƙera MGB fiye da rabin miliyan, mafi yawa aka kai Amurka, saboda haka ba mota ce mai wuyar samu ba, kuma farashinta bai kai na Mercedes SL ta zamaninta ba. A Ingila ma sananne ne cewa wanda ya biya ma'aikata suka gyara ruɓaɓɓiyar MGB yakan kashe fiye da abin da za a saye ta. Kai kana da sauƙin kuɗin aiki, kuma ta 1970 tana da bamba mai ƙyalli, wadda masu sha'awa suka fi so a kan baƙar bambar roba da aka koma yi a 1974. Amma masu sayenta a nan ƙalilan ne, kuma jarin da za ka binne a cikinta wata shida ko shekara zai iya juyawa sau da dama a Corolla ko Golf. Ka kuma duba gefen da sitiyari yake, domin tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma mai sitiyari a dama tana da matsalar rajista.

Ga abin da zan yi da ni ne. Idan gwajin jak ya nuna bodin bai motsa ba, zan rubuta kuɗin kaya da na walda da na fenti da na sabon tamfol, in ƙara kashi ɗaya bisa uku saboda ɓarnar da ba a gani sai an yanke, in cire jimlar daga abin da mai saye zai iya biya, sannan in taya magada da abin da ya rage bayan ribata. Ba zan sa a yanke ƙarfe ba sai na sami mai saye da ya ba da kafin alƙalami, kuma zan ɗauki hoton kowane mataki kafin fenti ya rufe shi, domin hotunan nan ne za su tsayar maka da farashi. Idan kuwa bodin ya motsa, ka tsaya a matsayin dillali: ka haɗa magada da mai sha'awar da zai gyara wa kansa, ka faɗa masa aibin tun farko, ka karɓi la'adarka.