Amsoshin Tambayoyi: Idan Kayan Karen Farauta Suka Ba Ka Kunya

Wasiƙun da na zaɓa a wannan karon duk sun fito ne daga masu farauta da karnuka, kuma kusan kukansu ɗaya ne: sun sayi kaya da tsada, kayan ba su yi aikin da aka yi musu alkawari ba, mai sayarwa kuma ya ƙi sauraronsu. Na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunayen masu su da na waɗanda suke ƙorafi a kansu.

Tambaya ta farko: Na sayi abin wuyan kare mai GPS, wanda aka rubuta a kwalinsa cewa yana nuna inda kare yake har nisan kilomita 14. Ranar farko da muka shiga daji mai tuddai, karen bai yi nisan kilomita 2 ba na daina ganinsa a na'urar hannuna. Mai sayarwa ya ce kayan lafiyarsu ƙalau. Ya cuce ni ne?

Malam, kafin ka yanke masa hukunci, yana da kyau ka san yadda wannan na'ura take aiki, domin ƙarfin ƙorafinka ya dogara ne a kan hakan. Abin wuyan aiki biyu yake yi. Da farko yana karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam don ya gane wurin da karen yake tsaye, sannan ya aiko da wannan bayanin zuwa na'urar da ke hannunka ta zangon rediyo na VHF. Matsalarka a aiki na biyun take. Saƙon irin wannan rediyo ya fi tafiya idan babu abin da ya shiga tsakanin eriyar kare da taka, kuma nisan da kamfanoni suke rubutawa a kwali shi ne wanda ake samu a fili fetal, inda babu dutse, babu kwari, babu duhuwar itatuwa. Eriyar kare tana kusa da ƙasa ƙwarai, saboda haka da zarar ya gangara bayan tudu, tudun ya raba ku. Wannan ba lalacewa ba ce, ko da yake ina ganin bai dace mai sayarwa ya nuna maka babbar lambar da ke kwali ya yi shiru a kan sharaɗinta ba.

Amma kada ka karɓi maganarsa ba tare da gwaji ba. Ka cika batiran biyu da caji, ka duba eriyar abin wuyan ko ta tsage ko ta kwance daga gindinta, domin karnuka kan tauna ta wa juna. Sannan ka ba wani ya riƙe abin wuyan a fili shimfiɗaɗɗe, ka yi ta nisa da shi kana rubuta inda saƙon ya fara yankewa. Idan wani abokin farautarka yana da irinsa, ku gwada su tare a wuri ɗaya da lokaci ɗaya. In nasa ya kai nesa naka ya yanke tun da wuri, to ka sami hujjar da ba a musunta, kuma da ita za ka koma wa mai sayarwa, ba da ɓacin rai kaɗai ba.

Akwai wani abu kuma da wasiƙarka ba ta ambata ba, wato ƙasar da aka ƙera na'urar dominta. Waɗanda ake sayarwa a Amurka, alal misali na kamfanin Garmin, suna amfani da zangon da ake kira MURS, tsakanin megahaz 151 da 154, alhali wasu ƙasashe sun ware wa irin waɗannan na'urori wani zangon dabam. Wanda ya sayo daga wata ƙasa yana iya tarar da cewa abin wuyansa ba ya haɗuwa da na'urar hannu ta wani yanki, ko dokar inda yake ba ta yarda da zangon ba, ko kuma garantin bai bi kayan sun ƙetare iyaka ba. Ka tambayi mai sayarwa wannan a rubuce.

Tambaya ta biyu: An ce mini abin wuyan ba ya shan ruwa. Karyata ta ƙetare kogi sau biyu da shi, washegari ya ƙi kunnuwa. Wata 5 kacal da saye. Kamfani ya ce ruwa ba ya cikin garanti, mai shago kuma ya ce in je wurin kamfani. Ina zan dosa?

Ɗan'uwa, wannan turawar da suke yi maka tsakaninsu ita ce ta fi ɓata mini rai a cikin duk wasiƙun, domin da ita ake gajiyar da mai gaskiya har ya haƙura da haƙƙinsa. Ka fara da duba abin da aka rubuta game da ruwa a takardar kayan. Kalmar "ba ya shan ruwa" ba ta da ma'auni, amma lambobin da ke biye da ita suna da shi. Idan ka ga IPX7, ma'anarsa an gwada na'urar a zurfin mita 1 na tsawon minti 30. Idan ka ga 1 ATM, tana jure matsin ruwa kwatankwacin zurfin mita 10. Idan kuwa IPX4 ne, feshin ruwa kawai take ɗauka, ba nutso ba. Kare mai iyo a saman kogi bai kai abin wuyansa zurfin mita 1 ba, don haka in IPX7 ne a rubuce, kamfani ba shi da ta cewa sai dai ya nuna cewa jikin na'urar ya fashe ta dalilinka, ko an buɗe ta an mayar da robar da ke toshe ruwa ba daidai ba.

Abu na biyu da ya kamata ka rarrabe shi ne garantin kamfani da haƙƙin da doka ta ba mai saye. Garanti alkawari ne da kamfani ya ɗaukar wa kansa, yawanci na shekara 1 a irin waɗannan na'urori, kuma shi yake tsara sharuɗɗansa. Haƙƙin doka kuwa a ƙasashe da yawa yana kan wanda ya karɓi kuɗinka ne. A Tarayyar Turai mai sayarwa yana da alhakin aibin kaya har shekara 2, kuma wanda ya saya ta intanet yana da kwana 14 da zai iya fasa cinikin ba tare da ya faɗi dalili ba. A Birtaniya dokar kare masu saye ta 2015 ta ba mutum kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi a ba shi kuɗinsa cif, kuma idan aibin ya bayyana cikin wata 6, ana ɗauka tun asali yake, sai in mai sayarwa ya tabbatar da akasin haka. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka ka nemi ta inda ka yi cinikin, amma kada ka yarda cewa mai shago ya fita daga maganar don kawai ya nuna maka ƙofar kamfani.

Ka rubuta masa gajeriyar wasiƙa mai ɗauke da ranar saye, hoton rasit, lambar da aka buga a jikin na'urar, abin da ya faru, da abu ɗaya tak da kake nema, ko gyara, ko sauyi, ko mayar da kuɗi, tare da ranar da kake jiran amsa. Kada ka zagi kowa, domin ma'aikacin da zai karanta ba shi ya ƙera kayan ba, kuma shi ne zai kai maganarka gaba ko ya ajiye ta. Sannan kada ka kuskura ka kai wa mai gyara ya buɗe kafin a gama maganar, don da ya kwance ƙusa ɗaya ka ba su hujjar da suke nema.

Tambaya ta uku: Na saya wa karena rigar kariya saboda ƙaya da haƙoran aladen daji. Bayan yini ɗaya hammatarsa ta saɓule, kuma wuyansa ya yi gyambo a inda ƙarafan abin wuyan horo, irin mai ba kare ɗan jan lantarki, suke taɓa fata. Ina so in mayar da duka biyun.

Ka fara da karen, kaya su biyo baya. Ka cire masa su duka, ka wanke wurin, kuma idan akwai ruwa ko wari ko kumburi ka kai shi wurin likitan dabbobi, kada a sake ɗaura masa komai sai fatar ta warke sarai. Mutane da yawa suna zaton ciwon wuyan ƙuna ce ta lantarki, alhali galibi gyambo ne na matsi, wanda yake samuwa idan ƙarafan suka daɗe suna danna wuri ɗaya, musamman a jiƙaƙƙiyar fata. Shi ya sa masu ƙera su da dama suke gargaɗin kada kare ya wuce awa 12 da shi a rana, kuma a riƙa gusar da shi daga wuri zuwa wuri. Idan ya kwana da shi a wuya, gaskiya ita ce ƙorafinka a kan wannan ba zai yi nisa ba.

Rigar kuwa maganar awo ce. Ana auna kewayen ƙirji daga bayan ƙafafun gaba, da kaurin wuya, da tsawon baya, ba nauyin kare kaɗai ake dubawa ba, domin karnuka biyu masu nauyi ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a ƙira. Yadi mai tauri irin wanda ake saƙawa da zaren roba mai ƙarfi da ake kira Kevlar ba ya miƙewa ya bi jiki, don haka ƙaramin kuskure a awo yakan zama rauni bayan gudun yini guda. Idan ka aika musu awon daidai su suka zaɓa maka wannan girman, ko jadawalin awonsu ne ya saɓa wa rigar da suka aiko, haƙƙinka ne su sauya ta ko da ta yi datti. Idan kai ka ƙiyasta da ido, sai dai ka roƙi alfarma, kuma mai sayarwa na kirki yakan yi ta. Nan gaba ka gwada sabuwar riga a gida na ɗan lokaci, kare yana tafiya yana kwanciya, kafin ka cire takardar da ke liƙe da ita.

Tambaya ta huɗu: Na biya kuɗin igiyoyi da takalman kare ta intanet, mako 6 ke nan babu kaya, babu amsa.

Idan da katin banki ka biya, ka je bankinka yau ka nemi a janyo kuɗin bisa dalilin cewa kaya ba su iso ba, ka haɗa da shaidar biya da saƙonnin da ka aika ba a amsa ba. Wannan hanya tana da wa'adi, sau da yawa kwana 120, don haka kada ka ɓata kwanakin kana jiran wanda ya riga ya yi shiru. Idan ta wata kasuwar intanet ka saya, ka shigar da ƙorafin a cikinta kafin lokacin da ta ƙayyade ya cika. Idan kuwa kai tsaye ka tura kuɗin asusun mutum, dawo da su yana da wuya ƙwarai, sai dai ka sanar da bankinka da hukumar kare masu saye.

A sayayya ta gaba, kafin ka biya ko sisi, ka aika wa mai sayarwa tambaya ɗaya da ke bukatar sanin kaya, misali ko yana da batir da eriya na sauyi, da kuma wanda zai biya kuɗin aikawa idan kaya suka zo da aibi. Ka lura da kwanakin da ya ɗauka kafin ya amsa, ka lura ko tambayarka ya amsa ko talla ya sake turo maka, sannan ka adana amsar tare da rasit ɗinka.