Da gaske Marcos ya mayar da Filifin aljannar duniya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ɗalibin jami'a ne, kwanan nan ya ishe mu da wasu bidiyoyi na TikTok da WhatsApp kan Ferdinand Marcos na ƙasar Filifin. Wai a zamaninsa ƙasar ta zama abin kwatance a Asiya, wai da zinarensa ya gina ta, shi ya sa mutane suka zaɓi ɗansa. Yanzu yaron nan ya daina yarda da zaɓe kwata-kwata, cewa yake sai mai bulala ke iya gyara ƙasa. Abin ya fara ba ni tsoro. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Tsoronka yana kan hanya, ɗan'uwa, domin ba ƙanenka kaɗai ba ne. Kusan kullum sai wani ɗalibi ya tare ni da wannan maganar.

Marcos mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, wannan ba a musu. Lauya ne ɗan lardin Ilocos Norte, ya shiga majalisar wakilai a 1949, ya koma ta dattawa a 1959, ya kayar da shugaba mai ci Diosdado Macapagal a zaɓen shugaban ƙasa na 1965, ya sake ci a 1969. Da ya ga wa'adinsa na biyu zai ƙare kuma tsarin mulki bai ba shi na uku ba, sai ya ƙaƙaba dokar soja a Satumban 1972, yana fakewa da 'yan gurguzu da rikicin kudu. Ya rufe majalisa da gidajen jarida, ya zauna har 1986.

Maganar zinare ba zan ɓata mata lokaci ba. Wai wani gidan sarauta mai suna Tallano ne ya biya shi ladan lauyanci da tan-tan na zinare. Babu wata hujja ta tarihi da ta nuna an taɓa yin wannan masarautar. A 2003 Kotun Ƙolin Filifin ta lissafa halastaccen kuɗin da shi da matarsa Imelda suka samu a duk tsawon mulkinsa, bai wuce dala dubu 304 da ɗoriya ba, alhali ajiyarsu da aka kama a bankunan Suwizalan ta kai dala miliyan 658. Kotun ta ce a mayar wa gwamnati.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ƙanenka bai furta ba amma yana cikin ransa: "ko da ya ci, ai ya yi aiki." Wannan ce muguwar fahimtar, ita ce kuma masu haɗa bidiyon suke sayarwa. Za su nuna maka gadar San Juanico, da cibiyar al'adu ta Manila, da asibitin zuciya, su sa kiɗa mai ratsa jiki. Gine-ginen na nan, ban ce babu su ba. Tambayar da ba sa yi ita ce, da kuɗin wa? Lokacin da Marcos ya hau mulki bashin da ake bin ƙasar a waje bai kai dala biliyan 1 ba. Da ya gudu ya haura biliyan 26. Mai gidan da ya ci bashi ya yi wa ƙofar gida fenti, ya bar wa jikoki biya, ba a kiransa gwani.

Ka duba tashar nukiliya ta Bataan. Ta lashe fiye da dala biliyan 2, ba ta taɓa ba wa ko gida ɗaya wuta ba, kuma talakan Filifin bai gama biyan bashinta ba sai 2007. Ka duba yadda ya damƙa cinikin sukari ga abokinsa Roberto Benedicto, harkar kwakwa kuma ga su Eduardo Cojuangco, ana cire wa ƙananan manoma haraji a kan amfaninsu. Da farashin sukari ya faɗi, yara suka riƙa mutuwa da yunwa a tsibirin Negros. A 1984 da 1985 tattalin arzikin ƙasar ya tsuke da kusan kashi 7 cikin 100 kowace shekara, a daidai lokacin da maƙwabta irin su Tailan ke wucewa gaba. To ina aikin?

Sai bulalar da ƙanenka ke sha'awa. Ƙungiyar Amnesty ta ƙiyasta cewa a zamanin dokar sojan Marcos an ɗaure mutum kusan 70,000, an azabtar da 34,000, an kashe sama da 3,200. Masu yaɗa bidiyon a cikinmu galibi Musulmi ne, amma ba su san kan wa bulalar ta fi sauka ba. Su tambayi Musulmin kudancin Filifin, waɗanda ake kira Moro, labarin matasan da aka kashe a tsibirin Corregidor a 1968, da ƙona garin Jolo a 1974, da kisan da sojoji suka yi a masallacin Malisbong da ke Palimbang a wannan shekarar. Gwamnatin Filifin da kanta ta yi doka a 2013, ta tantance mutum 11,103 ta biya su diyya daga kuɗin da aka ƙwato.

Ƙarshen Marcos sananne ne. An harbe jagoran adawa Benigno Aquino a filin jirgin Manila ranar 21 ga Agustan 1983, aka tafka maguɗi a zaɓen Fabrairun 1986, jama'a suka cika babban titin EDSA na Manila suna zanga-zanga kwana huɗu, manyan sojojinsa suka juya masa baya. Jirgin Amurka ya kwashe shi zuwa Hawai, can ya rasu a 1989.

Nasarar ɗansa Bongbong a 2022 da ƙuri'a sama da miliyan 31 gaskiya ce, amma ba ta wanke uban ba. Yawancin masu zaɓen ba su yi wayo a zamanin dokar soja ba, littattafan makaranta sun taɓa batun sama-sama, ga ƙawancen da ya yi a lokacin da gidan Duterte, shugaban da ya gada, ga shekaru ana zuba irin bidiyoyin nan a Facebook da YouTube. Kada ka yi wa ƙanenka faɗa, zai ƙara kafewa ne. Ka ce ya nemo hukuncin kotun nan na 2003 ya karanta da kansa, yana intanet, sannan ku zauna.