Dillalin ya ce sai an kai naman ƙari zuwa Indiya an auna ƙwayoyin gado

Wata 'yar'uwa mai aikin kula da tsofaffi a Birmingham ta Ingila ta rubuto mini. An gano yayarta, mai shekara 39 da 'ya'ya huɗu a Kano, tana da sankarar bakin mahaifa, matakin IB1, wato cikin matakan farko na cutar. Likita ya ce a yi tiyata a cire mahaifar. Sai kawunsu ya kawo wani mai haɗa tafiya asibitin ƙasar waje, wanda ya ce kada a yarda a yanka ta tukuna, akwai gwajin ƙwayoyin gado da ake yi a Indiya da zai nuna ko sankarar mai zafi ce ko mai sanyi, wataƙila ma ba sai an cire komai ba. Yana neman kuɗin gwaji da na biza a dunƙule. In ba haka ba, in ji dangi, ta kawo yayar Ingila. Ta ce: "Anti, ina tunanin karɓar aikin dare na kuɗi a hannu don in haɗa kuɗin. Kullum ana ce mini ina Turai na manta da jinina."

Ƙanwata, Allah ya ba yayarki lafiya. Kada ki tura wa mutumin nan ko sisi.

Gwajin da yake magana a kai akwai shi a duniya, shi ya sa ƙaryar take shiga. Ana ɗaukar guntun naman ƙarin a duba waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki da ƙarfi a cikinsa, waɗanne suka yi shiru. A sankarar nono abin ya kai ga amfani: Oncotype DX yana duba ƙwayoyi 21, MammaPrint yana duba 70, kuma likitoci kan dogara da su wajen yanke ko wasu mata za su sha kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, bayan tiyata. Ki lura, bayan tiyata. Ko a can ɗin ba ya hana a cire ƙarin. A sankarar bakin mahaifa kuwa har yanzu aikin masu bincike ne. A 2017 wani babban shiri na Amurka mai taswirar ƙwayoyin gadon sankara ya fitar da nazarin ƙari 228 na bakin mahaifa, aka ga sun kasu gida-gida, aka ƙaru da ilimi sosai. Amma ka'idojin da likitocin mata ke bi wajen maganin matakin farko ba su rataya hukunci a kan irin wannan gwajin ba. Duk wanda ya ce miki takardar gwaji za ta soke tiyatar yayarki, ko dai bai sani ba, ko kuma ya sani yana sayar miki da fatan banza ne.

Abin da likita ke dubawa shi ne girman ƙarin, zurfin da ya ci a nama, ko ya shiga ƙananan hanyoyin jini da na ruwan jiki, da kuma ko ya kai kaluluwar ƙugu. A tsarin matakai na 2018, IB1 na nufin ƙarin bai wuce santimita 2 ba, kuma bai fita daga bakin mahaifa ba. Wannan albishir ne a cikin musiba. A alƙaluman Amurka, kusan mata 9 cikin 10 da aka gano cutar ba ta bar mahaifa ba suna raye bayan shekara 5. Sai dai matakin ba ya jiran kowa. Na ga iyalin da suka biya dillali, aka yi ta yi musu "gobe, jibi" a kan biza, da suka koma asibitin da suka baro, likita ya ce lokacin tiyata ya wuce, sai gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, da kemo. Na ga wasu da aka karɓi ɗan ƙullin kakin da aka adana naman a ciki da sunan za a aika waje, ya ɓace, babu sakamako, babu abin da wani likitan zai sake dubawa. Kada a ba kowa wannan ƙullin sai likita ya rubuta inda za shi.

In kina so kuɗinki ya yi aiki, ki biya hoton MRI, ki biya wani likitan gwajin nama na biyu ya sake duba gilasan da aka ɗora naman a kai, ki tanadi kuɗin tiyata da na jini da na jinyar bayanta. Asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da likitocin mata masu wannan aiki. Ki roƙi a haɗa ki da likitan ta waya tare da yardar yayarki, ki tambaye shi wace irin tiyata zai yi, zai duba kaluluwa ko a'a, kuma in sakamako ya nuna ana bukatar gashi, ina za a tura ta. Ki biya asibiti kai tsaye, ki riƙe rasit. Kada kuɗin ya bi ta hannun kawu.

Maganar kawo ta Ingila, kin san yadda abin yake. Bizar baƙo mai neman magani tana bukatar wasiƙar likita da shaidar za a biya asibitin kuɗi. Baƙon da aka yi wa magani a NHS, wato asibitocin gwamnatin Ingila, ana cajinsa kashi 150 cikin ɗari na kuɗin, kuma bashin fam 500 zuwa sama na iya sa a hana shi biza nan gaba. Albashin mai kula da tsofaffi ba zai ɗauki wannan ba. Aikin kuɗi a hannu kuma ki cire shi daga ranki yau. Bizarki ta ba ki damar ƙarin aiki har awa 20 a mako, a irin aikin da ka'ida ta yarda, a rubuce, da haraji. In aka kama ki a wajen wannan, ke za ki rasa takardunki, gidanku kuma ya rasa mai aiko da kuɗin maganin.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. A ganina danginku ba gwaji suke nema ba, suna neman wanda zai ce musu ba sai an cire mahaifa ba. Wataƙila mijin na son ƙarin haihuwa, wataƙila ana tsoron bakin kishiya da na unguwa. Wa ya zauna da ita maras lafiyar ya tambaye ta abin da take so? Akwai tiyatar da ake cire bakin mahaifa kaɗai a bar mahaifar ga masu ƙaramin ƙari da ke son haihuwa, kuma tana da damar ta tambayi likita ko ta dace da ita. Amma ita za ta tambaya, ba kawu ba. Mace mai 'ya'ya huɗu, rayuwarta ta fi mahaifarta muhimmanci a wurin 'ya'yan nan, kuma duk wanda ya jinkirta mata magani don gudun surutu ya ji tsoron Allah. Ke kuwa da ake cewa kin manta da jininki, ke ce kike tsaye dare da rana kina wanke tsofaffin wasu don a ci a gidanku. Ki gaya wa kawu cikin ladabi: "Kawu, zan biya asibiti, ba zan biya dillali ba." Ya yi fushinsa, zai huce.

Cutar nan ƙwayar HPV ce ke jawo kusan dukkanta, nau'i na 16 da na 18 kaɗai suna da alhakin kusan kashi 70. A Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta, don haka a kai 'ya'yan yayarki mata. Ke ma, in wasiƙar gayyatar gwajin bakin mahaifa ta zo miki daga likitanki na unguwa, ki je, kyauta ne daga shekara 25 zuwa 64.