Amsar tambayarka kan tonon dukiya a kogon dutse

Wa alaikumus salam mai sunan Malam, na ga saƙonka tun jiya da daddare, ban amsa ba ne don maganar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce abokanka suna haɗa kuɗi za su sayi na'urar nan da ke ƙara in ta ji ƙarfe a ƙasa, za ku shiga kogon dutsen da ke bayan tsohon kufai don ana cewa akwai zinaren sarakunan da a ciki, kuma wani malami ya ce sai an yi yanka kafin aljanun wurin su saki, shi ne kake tambaya a al'adarmu abin da aka tono a ƙasa na waye, kuma da gaske ne aljanu ke gadin dukiyar da aka binne. Toh na ji daɗi da ka tambaya kafin ka sa ƙafa, Allah ya yi maka albarka.

Mu dai da muka taso ba mu taɓa jin an ce wani abu a cikin ƙasa ba shi da mai shi ba. Gona da mai ita, kufai akwai jikokin waɗanda suka tashi daga cikinsa ko da sun koma wani gari, dutse ma da gidan da ke kula da shi, kuma a da ko maharbi ne zai kwana a kogo sai ya sanar da su balle mai diga da shebur. Ba don tsoro kaɗai ba ne, duwatsun nan su ne asalin garuruwan, ka duba Dala a Kano, ka duba Kufena a Zariya, a gindinsu mutane suka fara zama. A Birnin Kudu akwai kogunan da ke da zanen shanu a jikin dutse tun na mutanen farko, Dutsen Mesa da Dutsen Habude, ga duwatsun da in ka buga suke amo kamar ƙararrawa, kuma al'adar garin a da amare kan je wurin duwatsun nan a lokacin biki. Wuri irin wannan ba a shigarsa da dare a ɓoye kamar ɓarawo, na gari ne gaba ɗaya.

Ina yaro an taɓa tono tukunya a ƙauyenmu wajen haƙar ƙasar gini, na gani da idona. Mai haƙar ya ji diga ta bugi abu, da ya share da hannu sai ga bakin tukunya an kife shi da kasko an liƙe da yumɓu, kuma ka san abin da ya yi? Bai buɗe ba, ya zauna a wurin ya aika yaro ya kira mai filin da mai unguwa, aka zo da liman, a gaban mutane aka ɗaga kaskon. Kuɗin wuri ne cike, ya yi fari fat ya ruɓe har wani in ka murza sai ya zama gari, sai mundayen tagulla da suka yi kore da 'yan duwatsun wuya a ƙulle cikin wani abu da ya zama kamar tsumma. Aka sa mai shela ya zaga ran kasuwa, wata tsohuwa ta ce wurin tsohon gidan kakanninta ne, dattawa suka tabbatar, aka ba zuri'arsu mundayen, su kuma suka yi wa mai haƙar tukuici. Kuɗin wurin kam yara muka yi ta wasa da shi don a lokacin ko ƙosai ba zai saya ba.

Kuma kar ka ɗauka al'ada ce kawai ta ƙauye, malamanmu daga littafi suka ɗauko. A hadisi ingantacce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a cikin rikazi akwai humusi, wato ɗaya bisa biyar, kuma Risala da ka karanta a makarantar zaure ta fayyace rikazi shi ne abin da mutanen jahiliyya suka binne. A mazhabarmu ta Malikiyya in an fitar da humusi sauran na mai ƙasar ne, ba na wanda ya tsallako ya haƙa ba, sai dai in wurin ba mallakin kowa ba ne. In kuma akwai alamar Musulmi ne ya binne, kamar rubutun ajami ko kuɗin zamanin Musulunci, toh wannan tsintuwa ce, cigiya ake yi shekara guda. Sannan a littafin fiƙihu na Muhtasar an karhanta tone kabarin mutanen jahiliyya don neman dukiya, balle kuma na Musulmi, wannan ko magana babu. Akwai ma hadisin mutumin da ya sayi fili ya tarar da tulun zinare a ciki, ya mayar wa wanda ya sayar masa ya ce ƙasa na saya ban sayi zinare ba, shi kuma ya ce na sayar maka da duk abin da ke ciki, har wanda suka kai wa ƙara ya ce su aurar da ɗan wannan ga 'yar wancan su kashe musu dukiyar su kuma yi sadaka. Da wannan labarin Malam yake mana faɗa in mun tsinci ko anini ne a hanya.

Yanzu maganar zinaren kansa. Gaskiya ne mutanen da suna binne dukiya, babu banki, ga hare-haren Ningawa a kudancin ƙasar Kano, ga yaƙin basasar Tukurawa da Yusufawa da ya ɓarke a 1893, ga Rabe a Barno, ga zuwan Turawa Kano a 1903, mutum in zai gudu sai ya tusa abin da ya mallaka a tukunya ya binne da niyyar dawowa, wasu ba su dawo ba. Amma me suka mallaka? Kuɗinmu wuri ne, keso guda wuri 20,000, dukiyar attajiri kuma tana cikin shanu da dawaki da riguna da rumbu, abin da ba ya binnuwa. Zinare ba abin kowa ba ne a ƙasar Hausa, fatake ke zuwa da shi daga wajen Gwanja tare da goro, da miskali ake awonsa a ɗan ƙaramin ma'auni, yawancinsa ma wucewa yake yi arewa ta Sahara. Azurfa ta fi yawa, musamman liyari mai hoton sarauniyar nan ta ƙasar Ostiriya, kuma ka riƙe wannan da kyau don da shi ake cutar yara irinku, kusan duk liyarin da za ka gani 1780 aka rubuta a jiki saboda shekarar da ta rasu ke nan kuma aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar har bayan shekaru masu yawa, don haka in wani ya nuna maka shi ya ce tsohon kuɗi ne na miliyoyi, darajarsa ba ta wuce ta azurfar da ke jikinsa da ɗan abin da ba a rasa ba.

Inda aka samu zinare na gaske a ƙarƙashin ƙasa da na sani shi ne Durɓi ta Kusheyi kusa da Mani a jihar Katsina. Wani Bature mai suna Palmer ya fara tonawa a 1907 zamanin Sarki Dikko, aka sake tonawa a 1992 tare da masana daga Jamus da izinin hukuma, aka samu kayan ado na zinare da tasoshin tagulla da wuri da duwatsun wuya da mundayen hauren giwa, wasu tun wajen ƙarni na 14, har aka kai su birnin Mainz na Jamus aka gyara. Amma ka lura kaburbura ne na manyan masu sarauta, zinaren ado ne a jikin mamaci, ba buhuna aka jibge a kogo ba. Kuma saboda masu ilimin abin ne suka tona, suna aunawa suna rubuta me ke kusa da me, shi ya sa yau aka san Katsina na hulɗar ciniki da ƙasashe masu nisa tun wancan zamani. Da 'yan dare ne suka riga su, maƙeri zai narkar da zinaren a yini guda a sayar da shi da awo, shikenan ba wanda zai san komai.

Wannan ne abin da ya fi ƙona min rai, don mun ga an yi. Mutum-mutumin yumɓun nan na Nok a kudancin Kaduna, masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928, a 1943 ma an samu kai guda da wani ya kafa a gonar doya yana korar tsuntsaye da shi kafin ya kai hannun Bernard Fagg, wanda daga baya ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Kayan sun haura shekara 2,000. A shekarun 1990 da dillalai suka gano Turawa na saye sai aka bazama, ƙauyuka suka bar noma suka koma tono, a Kwatarkwashi ta Zamfara haka, a wajen Katsina haka, a Nijar ma an yi wa makabartar Bura ta wajen Tera irin wannan kaca-kaca. Mai haƙa a ba shi kuɗin cefane, dillali ya tsallaka da kaya ta Kwatano ko Lome, a Turai a sayar da kuɗin da zai gina unguwa, har a shekarar 2000 aka baje wasu na Nok a babban gidan tarihi na Faris aka yi ta ce-ce-ku-ce. In kan mutum-mutumin kaɗai ake so a fasa jikin a bar shi a rami, gawayi da kasake da ke gefe waɗanda da su ake gane shekarun abu a watsar. Ƙauyukan nan ramuka kawai aka bar musu, shanu na karyewa a ciki.

Sai batun aljanu. Aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya faɗa, kuma iyayenmu sun hore mu da yin bisimilla in za mu shiga kogo ko kufai ko zuba ruwan zafi a ƙasa, wannan ka riƙe shi. Amma yanka don aljani ya saki dukiya shirka ce ɗana, babu wani kwana-kwana, wanda ya yi yanka don wanin Allah an la'ance shi a hadisi. Kuma wannan malamin naku na san irinsu, sana'a ce. Da farko jan zakara ne, sai a ce sarkin aljanun ya ƙi sai baƙin bunsuru, sai wani turare da ba a samu sai wurin mutum ɗaya wanda kuma yaronsa ne, wata rana a kai ku da dare a haska muku tocila cikin rami ku ga abu na walƙiya a tukunya, tagulla ce aka goge aka binne tun da rana, a ce kar wanda ya taɓa kar wanda ya yi magana, ƙarshe a ce wani a cikinku ya shiga ba tsarki dukiyar ta koma gawayi ko ta gusa gaba, a sake sabon lale. Ka tambayi kanka, wanda ya san inda tulun zinare yake me zai yi da dubu hamsin ɗinku? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Na san gidan da aka sayar da gonar gado a kan wannan, 'yan uwa har yau ba sa ga maciji da juna, kuma wani lokacin abin kan wuce dabba a fara maganar jinin mutum, Allah ya tsare mu.

Abin da mutanen da suke cewa aljani ya shaƙe wane a kogo, sau da yawa iska ce babu. Mahaƙa rijiya sun san wannan, shi ya sa suke zura fitilar aci-balbal da igiya tukuna, in ta mutu ba mai sauka. Yaran yanzu kuma janareta suke shiga da shi don haske ko jan ruwa, hayaƙinsa ba ya bari ka ankara sai dai jiki ya mutu ka zauna ka kasa tashi, wanda ya shiga ceto shi ma ya tafi. Ga ruftawar ƙasa musamman bayan damina, ga mesa da gamsheƙa, ga kashin jemage da ƙurarsa ke kama ƙirji, ga kuma halin da dazuzzukanmu ke ciki yanzu, kogunan da yawa 'yan bindiga ne ke kwana a ciki. Ko zinaren haƙa na gaske ka tuna abin da ya faru a Anka da Bukkuyum a 2010, ana niƙa dutse a tsakar gida gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Bagega da Dareta da 'Yargalma da maƙwabtansu.

Ta fuskar gwamnati kuma, tun 1979 akwai dokar da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ba a tonon kayan tarihi sai da izininta, ba a saye da sayarwa sai wanda ta amince wa, fita da su waje ba takarda laifi ne, ma'adinai kuma doka ta ce na gwamnatin tarayya ne. In aka kama ku dillalin ba za a gan shi ba, ku masu ƙasa a jiki za a riƙe.

Don haka ka cire hannunka daga kuɗin na'urar nan, in ka riga ka bayar ka nemi abinka cikin lalama ba faɗa. In tarihin dutsen ne ke ba ka sha'awa, kuma na san kana da wannan tun kana ƙarami, ka je da rana ka gaida dagaci ka ce a haɗa ka da tsofaffin gidan da ke kula da wurin, ka kai musu goro ka ɗauki maganarsu a waya kafin su ƙare, ka ɗauki hoton abin da ke fili kar ka ɗaga ko kasko. In wani abu ya fito da kansa wajen noma ko zaizayar ruwa a bar shi inda yake a sanar da dagaci, shi ya kai wa hakimi, a kira mutanen gidan tarihi kamar na Gidan Makama ko malaman sashen binciken kayan tarihi na jami'ar Ahmadu Bello. Abokan naka ma ka karanta musu wannan saƙon, musamman wanda ya kawo malamin. In ka shigo Juma'a ka biyo ta gida mu je wurin liman ya buɗe maka babin rikazi ka gani da idonka. Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.