Ku Tambayi Baba Mai Littafi: 'Yan zaman benci sun cika mani bakin shago

Assalamu alaikum Baba. Shekara biyu kenan da tsohonmu ya rasu ya bar mani shagon littattafai nan Sakkwato, ba nisa da babbar kasuwa. Damuwata benci ne. Tun zamanin tsoho akwai wani dogon benci bakin shagon, da anka sallame la'asar sai mutane su cika shi, malaman firamare ne, ɗalibai ne, da wasu dattawa abokan tsoho, kowa ya miƙa hannu ya ɗauki littafi ya karanta ya maida, wani ma har lanƙwasa shafi yakai ya ce gobe zai ci gaba, kuma wallahi sai a yi sati ba wanda ya sayi ko biro cikinsu. Uwargida ta ce in ɗauke bencin in huta. Wani abokina kuma ya ce in maida abin taron karatu kamar yadda yake gani a Facebook. Mi za ni yi Baba?
Ɗanka, daga Sakkwato.

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan tsoho, ya sa ya huta. Kada ka taɓa bencinga.

Na san abin da ke ci maka rai, don na yi shekaru bayan kanta ina kallon irin haka. Amma zauna ka duba littafin cinikinka da kyau. Shagon littattafai a garinga sau nawa yake ganin kuɗi a shekara? Watan Satumba in makarantu sun koma, sai gab da JAMB da WAEC da NECO in yara sun taso neman tsofaffin tambayoyi, sai azumi in masu zuwa tafsiri da masu sauraron Ashafa sun zo neman nasu. Sauran watannin kuwa ƙura kawai kake kaɗewa. To su wa ke turo maka mutane a waɗannan lokutta? Malamin firamaren nan da kake ganin bai taɓa sayen biro ba, shi ke gaya ma iyayen yara arba'in su tafi shagon ɗan Malam wane, shi kuma ke raɗa maka an canza littafin lissafi bana tun kafin ka je Kano ko Zariya ka kwaso tsohon yayi ka zo ka rasa yadda za ka yi da shi. Ni an taɓa yi mani haka, wata makaranta ta canza littafi bayan na sauke katan uku, da na saurari wani malami da ke zama wurina da ban yi wannan asarar ba, har yau in na tuna raina na sosuwa.

Su kuma dattawan, abokan mahaifinka ne, wurin da sunka saba ganinshi ne suke zuwa. Ranar da kak kore su gari zai ji, kuma Sakkwato ba ta manta irin wannan.

Shawarar abokinka tana da kyau, sai dai ba baƙon abu ba ne da za ka ɗauko daga Facebook. Garin karatun zaure ne wanga, tun zamanin Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello mutane ke zama kan tabarma ɗaya ya ja baƙi sauran su saurara. In ka samu sarari ka leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu ka ga rubuce-rubucen hannu da anka bari, za ka dawo kana kallon bencinka da wani ido.

Abin da nake so ka yi, ka ware rana guda a sati, daga bayan la'asar zuwa kafin magariba, kar ya wuce haka. Shimfiɗa tabarma biyu, aje randa ko kula da ruwan sanyi, musamman watannin Maris da Afrilu da zafi ke kai mutum bango. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, shafi biyar ko shida ya isa, sannan a tattauna. Fara da abin da kowa zai ji daɗi, tarihin Daular Usmaniyya, waƙoƙin Hausa, ko littattafan hikaya irin na gasar 1933 da su Abubakar Imam sunka shiga, waɗanda dattawanka sun karanta su tun suna firamare, yaran yanzu kuwa sunan kawai suke ji. Ka gaya ma mai unguwa da maƙwabtan shago tun kafin a fara. Abu biyu kuma ka hana ƙarara tun ranar farko, gardamar siyasa da gardamar aƙida, don su ne ke watsa majalisa cikin wata guda, na gani da idona, mutane biyu da sunka yi shekara ashirin suna shan shayi tare sun daina gaisawa.

Maganar lanƙwasa shafi kuwa kana da gaskiya, ɓarna ce. Fitar da kwafi ɗaya na kowane littafin da ake yawan ɗauka, rubuta "na karatu" a bangonsa, aje su cikin kwali kusa da bencin. Sauran ka rufe su cikin leda bisa kanta. Wanda ya miƙa hannu can sai ka ce Baba ga naku nan, cikin ladabi, ba wanda zai ji haushi. Bashi kuma kar ka fara da 'yan benci, ko ɗaya.

Baba ina wuni. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ina son littafi ƙwarai amma duk shagon da na nufa sai in iske maza jere bakin ƙofa, kunya ta kama ni in wuce, ƙarshe dai a waya nake karatu, cikin guruf na WhatsApp. Mu mata ba mu da rabo a irin wannan zaman ne?
Ɗiyarka, daga Mabera.

Lafiya lau ɗiyata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Kuna da rabo, kuma tun kafin a haifi kakanninmu. Nana Asma'u ɗiyar Shehu, wadda ta rasu 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ita ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar mata masu karantarwa, tana naɗa jaji, wato jagorarsu, ta ba ta malfa ta tura ta ƙauyuka da waƙoƙi tana karantar da mata. A garinta ne yau kike jin kunyar shiga shagon littafi, wannan abu ya taɓa ni, kuma laifinmu ne mu masu shaguna da ba mu lura ba.

Ki tara ƙawayenki biyar ko shida ku samu mai shago ku ce kuna son safiyar Asabar, lokacin bencin ba kowa. Kai kuma ɗana mai tambayar farko, ga aikin da za ka ba uwargida, ta zauna da su ranar, ita ta tsare kantar shagon. Kuma ka ja bencin gefe kaɗan ya bar bakin ƙofa, mace ta iya shiga ba sai ta ratsa tsakanin maza ba.

Baba gara ta ci mani littattafai kusan kwali guda, ga ƙurar hunturu. Mi ne magani?
Wani mai shago, Runjin Sambo.

Allah ya maida alheri. Kada kwali ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango, ɗora shi bisa katako ko bulo, bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gini. Duk Juma'a da safe ka jawo su ka duba baya, in ka ga ɗan layin jar ƙasa ya hau bango to ta iso, kankare shi nan take ka sa magani. Ƙura kuma leda da tsumma busasshe, kar ka kusanto da jiƙaƙƙe.